Ina za mu ci abincin Koriya na halal a Itaewon?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Wurin aiki za su tura mu kwas Koriya ta Kudu wata mai zuwa, kuma ƙarshen mako za mu riƙa shiga Seoul. Duk wanda na tambaya sai ya ce in nufi Itaewon, can Musulmi suke. To na ji. Amma ni ba shawarma ko biryani nake nema ba, waɗannan ko a Kano sun ishe mu. Abincin Koriya na ainihi nake so in ci, wanda zuciya za ta natsu da shi. Waɗanda suka san unguwar, wane gida za ku nuna mana?

Maman Yusra: Wa alaikumus salam Abban Sadik. Allah ya kai ku lafiya. Ka shiga jirgin ƙasa layi na 6, ka sauka a tashar Itaewon, ka fita ta ƙofa ta 3. Ka miƙe kaɗan, in ka zo ofishin 'yan kwana-kwana sai ka yi dama ka fara hawan tudu. Titin sunansa Usadan-ro, shi zai kai ka babban masallacin Seoul. Gidajen abincin da kake nema a kewayen masallacin suke. Biyu ne sunansu ya fi fita: Eid da Makan. Eid iyalin wasu Koriyawa Musulmi ne suka buɗe shi, kuma yana da shaidar halal ta ƙungiyar Musulmin Koriya, KMF. Ni can nake fara kai baƙo. Ka ce a ba ka samgyetang ko bulgogi.

Abban Sadik: Na gode Hajiya. Sai dai sunayen nan ba su gaya mini komai ba. Mene ne a cikin kwanon?

Maman Yusra: Samgyetang budurwar kaza ce guda, a cusa mata shinkafa mai danƙo da tafarnuwa da saiwar ginseng da wani busasshen ɗan itace dangin magarya, a dafa ta har ta yi luguf, a kawo maka tana tafasa a ƙaramar tukunya. Babu yaji a ciki, gishiri ma a gefe ake ajiye maka ka sa da kanka. Su a tsakiyar zafi suka fi cinta, wai zafi da zafi ake kore shi. Bulgogi kuwa naman shanu ne yankan falle-falle, an jiƙa shi a ruwan waken suya da tafarnuwa da man riɗi da sukari. Yana da zaƙi, wannan ka sani tun yanzu, don Bahaushe da yawa nan yake tsayawa.

Ɗan Fagge: Nama da sukari? Allah ya sawwaƙe. Yallaɓai ka ji shawarata, ka tafi da yajinka da kilishi da garin kunu, in yunwa ta matsa ka shiga wurin Turkawa ka ci kebab. Ni abincin mutanen nan bai karɓe ni ba. Kabejin nan nasu mai tsami ko warinsa na ji sai cikina ya juya.

Ɗalibar Daejeon: Kawu Ɗan Fagge, da farko dai kada ya ɗauki kilishi. Kwastan na filin jirgin Incheon ba sa wasa da nama ko kayan nama, tara ake ci mai nauyi. Yaji da garin kunu da sauƙi. Na biyu kuma, wanda ya tashi da miyar daddawa bai kamata ya yi ƙorafin warin kimchi, wato kabejin nan mai tsami, da doenjang ba. Doenjang waken suya ne da aka bari ya ruɓa ya nuna, aikin da daddawa ke yi a miyarmu shi yake yi a tasu. Bambancin kawai saba wa hanci ne.

Ɗan Fagge: 'Yata, daddawarmu a cikin miya take ɓoye kanta, ba a jera mini ita a faranti a ce in ɗauka da sanda.

Ɗalibar Daejeon: To wannan kam ka yi gaskiya Kawu. Amma akwai cokali, kuma shinkafa da miya su ma da cokali suke ci. Sandunan ƙarfen na ɗaukar ƙananan abubuwan gefe ne. Ba wanda zai harare ka don ka nemi cokali mai yatsu.

Alhaji Mai Motoci: Ni harkar motoci na hannu ke kai ni Incheon, kuma duk Juma'ar da ta same ni a can, Itaewon nake sallah. Abin da zan ƙara a kan maganar Hajiya: ka haɗa tafiyarka da sallah. Masallacin nan tun 1976 aka buɗe shi, gwamnatin Koriya ta ba da filin, ƙasashen Musulmi irin Saudiyya suka sa kuɗin gini, shi ya sa duk shagunan halal suka taru a gindinsa. Sai dai ranar Juma'a ana sallamewa gidajen abincin suke cika maƙil, 'yan Malesiya da Indonesiya masu yawon buɗe ido ga su nan rukuni-rukuni, gidajen kuma ƙanana ne, tebura kaɗan. Ko ka ci kafin sallah, ko ka tsaya a gaisa da mutane har layi ya ragu. A Makan ni gasasshen kifi nake ci.

Bashir S.: Bari in kawo abin da ba a so a ji. Gidajen nan na gindin masallaci don baƙi aka yi su. Ɗan Koriya ba ya hawa tudun nan don ya ci bulgogi. In kana son abincin Koriya na gaske sai ka shiga inda su suke ci, inda ake gasa nama a tsakiyar tebur hayaƙi na tashi. Ka ce naman shanu kawai, shi ke nan. Ai abincin Ahlul Kitabi halal ne.

Malam Habu: Malam Bashir, a yi hattara da wannan hukuncin. Ayar Suratul Ma'ida gaskiya ce, amma wa ya ce maka mutanen Koriya Ahlul Kitabi ne gaba ɗaya? A ƙidayar 2015, fiye da rabin mutanen ƙasar sun ce ba su da addini, Kiristoci ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, sauran mafi yawa mabiya Buda ne. To yankan wa kake ci? Ba Ingila ko Amurka ba ce da za a yi wancan dogon saɓanin. Ko can ɗin ma malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Bashir S.: Malam, naman shanun da ake ci a yawancin gidajen daga Ostareliya da Amurka ake shigo da shi. Nasu na gida, hanwoo, tsada ne da shi, ba kowa ke iya saye ba. Kuma doka ta sa a rubuta asalin naman a jikin takardar abinci ko a bango.

Malam Habu: Na yarda ana rubuta ƙasar da ya fito. Amma sunan ƙasa ba shaidar yanka ba ne. Mu ƙaddara ma naman ya tsallake, saura wurin gashi. Abin da aka fi gasawa a irin waɗannan gidaje shi ne samgyeopsal, wato tumbin alade mai kitse. Ƙarfen gashin, da almakashin da ake yanka naman, da abin juyawa, duk ɗaya ne ke zagayawa. Ga kwalaben soju, giyarsu ta Koriya, a kowane tebur. Ni ban ce kowa ya bi ra'ayina ba, amma mutum ya tambayi inda zuciyarsa za ta natsu, ba za a tura shi can ba.

Ɗalibar Daejeon: Ni ina tsakiya. Yaya Bashir yana da gaskiya cewa abokan cinikin Usadan-ro yawanci baƙi ne. Amma hakan bai sa abincin ya zama na jabu ba, masu dafawa Koriyawa ne, kimchi ɗin kimchi ne. Abin da ya ragu shi ne yawan zaɓi. Inda kuma nake ganin kowa na kuskure shi ne, ana ta kallon nama, alhali a Koriya matsalar a romo da kayan haɗi take ɓuya. Kimchi jjigae, miyar kimchi ɗin nan, a gidaje da yawa da naman alade ake yin ta ko ba a faɗa ba. Gimbap, naɗin shinkafa a ganyen teku, kusan kullum akwai sirin naman alade da aka sarrafa a tsakiya. Jjajangmyeon, taliyar baƙar miya, da alade ake soya miyar. Mandu, ƙullin fulawa da ake cusa wa haɗi a ciki, ko an ce na kayan lambu ne, sau da yawa akwai niƙaƙƙen alade a ciki. In ka ce wa mai gida ba ka cin nama, sai ya ce to babu nama, domin a wurinsa ɗan abin da aka sa don ɗanɗano ba nama ba ne. Ba yaudara yake nufi ba, haka ya fahimci tambayar.

Maman Yusra: Wallahi kuwa. Na taɓa sayen gimbap a wani ƙaramin shago kusa da tasha, na yi bayani har da nuni, matar ta gyaɗa kai, na buɗe na gan shi a ciki ja-ja. Tun daga nan sai in tsaya a naɗe a gabana.

Ɗalibar Daejeon: Ga abin da zai taimake ku Abban Sadik. Ku ajiye wannan kalmar a waya: 돼지고기, ana karanta ta dwaeji-gogi, naman alade ke nan. Kayan da ke cikin leda ko kwali a shaguna, doka ta tilasta a jera abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kuma naman alade na cikin jerin. Ko biskit ko taliyar leda za ka saya, juya bayan ka nemi kalmar. Taliyar Buldak ɗin nan mai yaji da ake gani da tambarin halal a ƙasashen waje, ba lallai ta cikin Koriya ta zo da tambarin ba, sai ka duba ledar da ke hannunka.

Abban Sadik: Kai, ashe aikin da yawa. To wannan jan yajin nasu fa da ake sa wa komai? Wani ya ce mini da giya a ciki.

Ɗalibar Daejeon: Gochujang ke nan, kwaɓin barkono da shinkafa da waken suya da aka bari ya nuna. Na kamfani da yawa ana ƙara masa ɗan sinadarin barasa don kada ya ci gaba da tsami a roba, haka ma wasu ruwan waken suya. Akwai kuma giyar girki da ake sa wa nama da kifi don kashe ƙarni. Wannan shi ne ainihin amfanin gidan da ke da shaidar KMF, don su har kayan haɗin ake bincika, ba naman kaɗai ba.

Bashir S.: In haka ne ai ko burodi sai a daina ci, shi ma da yis ake yin sa.

Malam Habu: Akwai bambanci tsakanin abin da ya samu da kansa wajen tsimuwa, kamar a burodi ko ruwan tsami, da giyar da mutum ya ɗauko ya zuba da hannunsa. Malamai na zamani sun yi magana mai tsawo a kan ɗan kaɗan da ya narke ya ɓace ba ya sa maye, kuma akwai masu sassauci. Wanda yake zaune a can shekara da shekaru, kamar ɗalibarmu, yana da buƙatar ya nemi fatawar da za ta sauƙaƙa masa. Amma baƙon 'yan makonni da ke da gidan halal a gabansa, me zai kai shi shubuha? Shi ke nan maganata.

Bashir S.: A nan kam ban ja ba. Baƙo daban, mazauni daban.

Hajiya Damagaram: Sannunku. Ni 'yata ce ke karatu a Seoul, na je mata ziyara. Abin da ta koya mini shi ne hukumar yawon buɗe ido ta Koriya ta raba gidajen abinci gida huɗu don Musulmi. Akwai wanda hukuma irin KMF ta ba shaida. Akwai wanda mai shi Musulmi ne, shi ya shaidi kansa. Akwai wanda yake da wasu abinci na halal amma yana iya sayar da giya. Na ƙarshe kuma babu alade ne kawai, naman ba lallai yankan Musulmi ba ne. Kowanne da alamarsa a ƙofa. Mutanenmu da sun ga koren tambari sai su faɗa ciki, ba sa karanta wanne ne. Na ƙarshen nan kifi da ganye kawai za ka ci a ciki in kana da tsantseni.

Alhaji Mai Motoci: Hajiya ta taɓo wuri. Kuma a kan samgyetang ɗin da aka ambata, in ka ci a wajen unguwar masallaci, akwai gidajen da suke kawo ɗan ƙaramin kofi tare da ita. Ba ruwa ba ne, giyar ginseng ce, kyauta suke bayarwa don buɗe ciki. Wani abokin tafiyata ya ɗauka magani ne, har ya kai baki yaron gidan ya lura da hularsa ya tare shi.

Ɗan Fagge: Kun gani ko? Duk wannan wahalar a kan kaza. Kebab bai taɓa zuwa da kofi ba.

Maman Yusra: Ɗan Fagge kai dai a bar ka da Turkawanka. Ko da yake su ma suna da hakki a unguwar, domin ta hannun sojojin Turkiyya da suka zo yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 Musulunci ya sake shiga ƙasar. Amma mutum ya yi tafiyar nan mai nisa ya dawo bai ɗanɗani komai na mutanen ba, ai da sake.

Abban Sadik, in kun zauna za a jera muku ƙananan faranti da ba ku ce a kawo ba: kimchi, wake mai tsiro, soyayyen ƙananan kifi, wainar kifi, wani lokaci dankali a ruwan waken suya. Sunansu banchan. Kyauta ne, in ya ƙare ka ce a ƙaro ba a ƙara maka kuɗi. Ruwan sha ma kyauta. Ba a ba ma'aikaci ihsani bayan an ci, in ka bari a tebur sai a biyo ka da shi. Kuɗi kuma a kanta ake biya wajen fita. Ku yi odar abu daban-daban ku haɗa a tsakiya: samgyetang ɗaya, bulgogi, bibimbap, da kaza mai yaji. Bibimbap shinkafa ce da ganyayyaki da ƙwai a sama, ka zuba gochujang ka cakuɗa sosai kafin ka ci, ba a cin ta a jere yadda aka kawo. In akwai japchae ku karɓa, taliya ce ta garin dankalin Hausa, santsi gare ta, yara na sonta.

Ɗalibar Daejeon: Ga wanda ke son ya ci inda Koriyawa ke ci ba tare da shiga rigimar nama ba, akwai hanya biyu a wajen Itaewon. Ta farko lungun masu gasa kifi kusa da kasuwar Dongdaemun, inda ake gasa kifi a bakin ƙofa a kawo da shinkafa da banchan. Mu Malikawa duk abin da ya fito daga teku ba mu da matsala da shi, sai dai ka tambayi miyar da za a haɗo da ita. Ta biyu abincin gidajen ibadar Buda, babu nama babu kifi, har tafarnuwa da albasa ba sa sawa. Akwai Balwoo Gongyang daura da haikalin Jogyesa, amma sai an kama wuri tun da wuri kuma ba arha.

Ɗan Fagge: Babu nama, babu kifi, babu albasa, kuma da tsada? To me ake saya?

Bashir S.: Kawu natsuwa ake saya. Ni dai lungun kifin na goyi baya, can za ka ga ma'aikatan kasuwa suna cin rana, ba mai kallon ka.

Alhaji Mai Motoci: Abu biyu kafin ku tashi. Na ɗaya, unguwar tana canzawa. Ana aikin rushe tsofaffin gidajen Hannam, unguwar da masallacin yake ciki, don gina dogayen benaye, kuma ɓangaren titin da ya wuce masallaci shaguna da yawa sun tashi ko sun koma wani wuri. Kada ka dogara da bidiyon da aka ɗauka shekarun baya. Sa Naver Map ko KakaoMap a wayarka, su mutanen can ke amfani da su, ka duba gidan yana nan da lokacin buɗewarsa, don wasu suna rufewa tsakanin abincin rana da na dare. In ka rasa, tambayi masu shagunan kayan halal da ke bakin masallaci, sun san wanda ya koma ina. Na biyu, ka je da rana ko da magariba ka fito. Hanyar hawa tudun ta ratsa ta gefen mashayu, da dare wata unguwa ce daban. Kuma ƙarshen Oktoba ka kauce wa wajen gaba ɗaya da dare. A wani siririn lungu kusa da otal ɗin Hamilton, tsallaken titi daga ƙofar da za ka fita, aka yi turmutsitsin 29 ga Oktoba 2022 da mutum 159 suka rasu.

Malam Habu: Allah ya kiyaye. Wannan shawara ta fi ta abincin ma muhimmanci.

Hajiya Damagaram: Kuma tudun da tsayi, wanda ke da ciwon gwiwa ya hau a hankali. Ni sai da na huta a hanya. Mata akwai wurin sallarsu daban a masallacin.

Abban Sadik: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na tsara: Asabar ta farko azahar a masallaci, daga nan Eid, mu haɗa samgyetang da bibimbap da bulgogi. Wata ranar Makan don kifin Alhaji, in lokaci ya bari mu leƙa lungun Dongdaemun. Tambaya ta ƙarshe, ɗaya daga cikinmu yana da gyambon ciki, yaji ba ya yi masa. Me zai ci?

Maman Yusra: Samgyetang da gasasshen kifi, babu yaji a cikinsu. Bibimbap ma zai iya in ya ce a ajiye gochujang a gefe. Ya bar jan kimchi, ya tambaya ko suna da farin, wanda ba a sa wa barkono.

Ɗan Fagge: Shi wannan ku turo mini shi, in gaya masa inda Turkawan suke.